Shaidar da Na Bayar a Kanta

"Injiniya, ajiye wannan fankar ka saurare ni."

Maƙwabciyata ce ta shigo shagon, ta ture tulin dutsen guga da ke kan benci ta zauna. Ita ce mai buga takardu da fotokofi a shagon da ke manne da nawa. Bango ɗaya ne tsakaninmu, kuma ba shi da kauri. In ta yi atishawa a can, ni nake ce mata sannu daga nan.

"Ai ba da kunne nake riƙe sukudireba ba," na ce. "Faɗi, ina ji."

"Mama ta kai ni Zauren Haɗi."

Sai na ajiye fankar.

Na san zauren, don Yayata tana ciki. Guruf ne a waya, amma ba irin manhajar nan ba ce da mutum zai ɗora hotonsa yana yabon kansa. A can ba ka magana da bakinka. Wani naka ne zai kai ka, waɗanda suka san ka su yi maka shaida da saƙon murya. Daga nan iyaye mata da yayye da kawunnai da suka cika wurin su kawo wanda suke ganin ya dace da kai, a jefa ƙuri'a. Wata mata ce ke riƙe da shi, kowa Uwar Zaure yake ce mata.

"To, Allah ya sa alheri," na ce.

"Shi ke nan?"

"Me kike so in ce?"

Ta kalli silin ɗin shagon, inda fankokin mutane ke rataye suna jiran masu su.

"Ana son shaidar mutum ɗaya wanda ba dangi ba. Wanda ya san ni a wurin aiki. Na ce kai za ka yi."

"Ni? Ni da ban iya tsara magana ba?"

"Kai nake so." Ta juyo ta zuba mini ido. "Amma in kana da wani dalili na ƙi... ka faɗa yanzu, Injiniya. Kowane iri ne. Zan saurara."

Dalili kam akwai. Sai Baba ya faɗo mini a rai, kwance a ɗakinmu, ɓarin jikinsa na dama a shanye tun bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ni ke masa wanka, ni ke ba shi abinci a baki, ni ke canza shimfiɗa. Yaya tana gidan mijinta da yara, sai ƙarshen mako take leƙowa. Ina zan kai 'yar mutane?

"Me zai hana?" na ce. "Zan yi."

Ta ɗauke idonta daga kaina. Sannan ta miƙe ta kaɗe siket ɗinta.

"Zan turo maka dokokin. Ka karanta su, don Allah. Har ƙarshe."

Ta turo. Rubutu ne dogo, ƙanana ƙanana. Na karanta farkon, na ga ana cewa a faɗi gaskiya, kar a yi ƙari. Na ce ai wannan mai sauƙi ne, na mayar da wayar aljihu.

Washegari da rana aka ɗauke wuta, layin shagunanmu ya yi tsit. Na tura ƙofa na zauna a kan benci na danna wayar, na fara shaidar.

Na yi niyyar in ce tana da kirki, tana da kunya, in tsaya. Bakina ne ya ƙi tsayawa.

Na ce idan tsoho ya kawo takarda a buga masa, ba ta barinsa ya tafi sai ta karanta masa a hankali, don kar ya sa hannu a abin da bai sani ba. Na ce in ranta ya ɓaci ba ta faɗa, gilashin injin take ta gogewa ko da ba datti. Na ce tana rufe baki in za ta yi dariya saboda ɗan haƙorinta da ya guntule, alhali bai kamata ta rufe ba. Na ce lokacin da Babana ya faɗi, ita ta tsare mini shago, duk wanda ya zo da faɗa ta lallashe shi ya tafi.

"Wanda Allah ya ba shi ita," na ce a ƙarshe, "don Allah kar ya ɗaga mata murya. Za ta yi kamar ba ta damu ba. Amma bayan inji take zuwa ta yi kuka, ina jin ta."

Na tura wa Uwar Zaure, na koma kan naɗin wayar fanka da nake yi.

Da yamma sai ga Yaya a shago, ranar da ba ranar zuwanta ba, da goyo a baya.

"Auta, kai wane irin wawa ne?"

"Sannu da zuwa, Yaya."

"Riƙe sannunka. Zaure ya kama da wuta saboda kai. Wata ta ce sau uku ta saurara tana hawaye a kicin. Kowa cewa yake wannan ba shaida ba ce, yaron nan mutuwar sonta yake."

Na sunkuyar da kai.

"Ƙarya suka yi?"

"Ba su yi ba."

"Ka karanta dokar?"

"Na karanta... farkon."

Ta dafe kai. "Mai shaida ba a haɗa shi da wadda ya yi wa shaida. Don kar mutum ya zo ya gyara wa kansa hanya. Da hannunka ka rufe ƙofa, ka miƙa musu makullin."

Na ajiye naɗin da ke hannuna. Sai a lokacin na gane kallon da maƙwabciyata ta yi mini.

Yaya ta zauna ta sauke yaron. Muryarta ta yi sanyi. "Mutane suna roƙon Uwar Zaure ta ɗage dokar saboda kai. Ta ce sai an kai ka kamar kowa, a ji bayaninka, sannan a jefa ƙuri'a. Ni zan kai ka. Amma ka sani ba zan ɓoye maganar Baba ba."

"Kar ki ɓoye."

Bayan ta tafi na leƙa shagon maƙwabta. Tana tsaye tana goge gilashin injin da tsumma.

"Ba datti," na ce.

"Kai ka tona mini asiri, yanzu ko goge inji ba zan yi cikin sirri ba."

"Ki yi haƙuri."

"Na ba ka dama ka ƙi, Injiniya. Na kawo maka ita har kan bencinka."

"Ban taɓa ƙin abin da kika ce in yi ba."

"Ai shi ne ciwon." Ta ajiye tsumman. "Ka iya faɗa wa mutanen da ba ka taɓa gani ba, ni da nake bayan bango ba ka iya faɗa mini ba?"

"Kin san halin gidanmu."

"Na sani. Na taɓa ce maka ina tsoro?"

"Ba ki taɓa ba."

"To in sun ɗage dokar, ni na yarda. Da kai da Baba da fankokinka marasa juyawa."

Ta yi dariya, ta kai hannu za ta rufe baki, sai ta tuna ta sauke shi.

Ranar na koma gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Har waƙa na yi ina wa Baba wanka, yana kallona da ido ɗaya kamar na zautu.

Yaya ta kai ni zauren. Ta faɗi komai: ɗaki biyu, aikin gyara, karatun da bai yi nisa ba, da tsohon da ba za a raba ni da shi ba.

Ranar da ta zo gida a ƙarshen mako, na gama yi wa Baba aski, ya lumshe ido. Muka ɗauka barci ne. Ta zauna a bakin gadon ta kunna saƙonnin.

"Ka ji da kunnenka," ta ce. "Ni ban gama sauraro ba."

Na farko muryar wata dattijuwa ce. "Yaro ne na kirki, wallahi na ji shi har raina. A ba shi ita."

Yaya ta ɗaga mini gira.

Na biyu namiji ne. "Kirki daban, zama daban. 'Yar mutane ba nas ba ce."

Wata ta ce, "Ɗaki biyu da majinyaci a kwance? Amarya za ta shiga da kwanon wanki ke nan."

Wata ta ce ita ma ta yi irin wannan auren, ko wata uku ba a yi ba soyayyar ta koma warin magani.

Sai wani, yana magana yana tauna abu: "Ni shawarata a bari tukuna. Tsoho ne ai. In Allah ya yi ikonsa, yaron ya samu sarari, sai a sake magana."

"Kashe," na ce.

Yaya ta danna ba daidai ba, wani saƙon ya shigo. Na gane muryar. Mamar maƙwabciyata ce.

"Jama'a, ni ce uwar yarinya. Ba na ƙin yaron nan. Amma ni na yi jinyar ubanta har ya rasu. Na san abin da jinya take ci a jikin mace. Bayana har yau bai miƙe ba. Ba zan ɗauki 'yata da hannuna in kai ta inda na fito ba. Ku taya ni..."

Yaya ta kashe.

Na juya. Idon Baba a buɗe yake, yana kallon silin.

Da na kawo abincin rana ya rufe baki. Na ce ko zafi ne, na fifita. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya ture cokalin, abincin ya zube a kan zanen gado.

"Baba, mene ne?"

Maganarsa tun ciwon ba ta fita daidai, ni kaɗai nake ganewa.

"Bar... ni."

"In bar ka ina?"

"Ka yi... aure."

Ya juya fuska bango.

Na ɗauka fushi ne na yini ɗaya. Washegari ya ƙi shayi. Ya ƙi magani, in na saka masa a baki sai ya turo shi da harshe. Yaya ta dawo ta durƙusa tana kuka tana ba shi haƙuri, bai ko kalle ta ba. Na kira nas ɗin da ke duba shi ta saka masa ƙarin ruwa. Na fita raka ta, na dawo na tarar ya fizge allurar, jini a kan filo.

"Wannan ba ciwo ba ne," nas ta ce da ni a waya. "Shawara ya yanke. In ba ku canza masa ita ba, ni ba abin da zan iya."

Ban buɗe shago ba. Maƙwabciyata ta yi ta kira, ban ɗauka ba. Me zan ce mata? Leɓen Baba ya bushe ya tsage, idonsa ya faɗa. Mutumin da ya koya mini riƙe filaya, yana so ya matsa mini daga hanya kamar tsohuwar kujera.

Da safe na jawo kujera gaban gadon. Na juyo da fuskarsa a hankali.

"Baba, kalle ni. Ka ji abin da zan faɗa."

Na danna wayar, na gyara murya, har da 'yar dariya.

"Salamu alaikum, 'yan zaure. Ni ne mai gyaran fanka. Na ji ana ta magana a kaina, abin ma dariya yake ba ni. Ni fa ba sonta nake ba. Maƙwabciya ce, ƙanwa na ɗauke ta. Baki ne ya yi mini daɗi ranar. Ko da Babana ko ba shi, ni ba ta cikin tsarina, ban ma shirya aure ba. Ku bar dokarku yadda take, ku nema mata mutumin kirki. Na gode."

Na tura. Na nuna masa alamar saƙon ya tafi.

"Ka gani? Kana ta wahalar da kanka a banza. Yarinyar nan surutu gare ta, Baba, da ta cika maka kunne."

Ya daɗe yana kallona. Ban ɗauke ido ba, ban bar murmushin ya faɗi ba.

Na ɗebo shayi a cokali na kai bakinsa.

Ya buɗe.

Yana haɗiya hawaye na gangarowa ta gefen idon da ba ya rufuwa sosai. Ko ya yarda da ni, ko tausayina ya ji, ban tambaya ba.

Zauren bai ɓata lokaci ba. Wasu suka zage ni, suka ce mayaudari ne, na sa su kuka a banza. Aka kawo mutane, aka tace, ƙuri'a ta faɗa kan wani malamin lissafi. Yaya ta ce kowa ya yi masa shaidar arziki, har tsofaffin ɗalibansa. Mamar maƙwabciyata ta yi saƙon godiya mai tsawo, dangi suka yi ta sa albarka.

Na koma shago. Wata yarinya na tarar a kan injin fotokofi, ta ce an ɗauke ta ne ta koyi aikin.

Sai wata yamma, ina haɗa kan fanka, inuwa ta tare mini haske.

"Injiniya."

Maƙwabciyata ce. Ta rame. Ba ta zauna ba, ta tsaya a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa.

"Na zo kwashe kayana ne."

"Na ji labari. Allah ya sanya alheri."

"Ka daina yi mini wannan addu'ar, don Allah."

Na ajiye kan fankar.

"Mutumin kirki ne," ta ce. "Ba shi da laifi. Ka san abin da ya ce mini ranar farko? Wai shaidarka ce ta sa ya roƙi yayarsa ta kai shi. Ya haddace ta. Ya ce ba zai taɓa ɗaga mini murya ba."

"To madalla."

"Yayarka ta faɗa mini abin da ya faru da Baba."

"Bai kamata ta faɗa ba."

"Ai ko ba ta faɗa ba na sani. Ba ka iya dariyar ƙarya ba, kamar fanka mai karyayyen fiffike." Ta matso taki ɗaya. "Ƙuri'a ba ɗaurin aure ba ce. Zan iya cewa a'a. Mama za ta yi fushi, zaure zai cinye ni, zan jure. Ka ce in zo kawai."

"Ranar da Baba ya gan ki da kwanon wankinsa, zai sake rufe baki. Wannan karon ba ni da ƙaryar da zan buɗe shi da ita."

"To zan jira."

"Jiran me?"

Ta buɗe baki.

"Faɗi sunansa," na ce a hankali. "Me za mu jira?"

Ba ta iya ba. Hawaye suka cika mata ido.

"Kin gani? Mutumin nan mai tauna abu, shi ya faɗa a fili, mu kuma za mu riƙa yi a ɓoye. Kullum in na shiga da safe zan duba numfashinsa. Ba na so wata rana in duba in ji wani abu a raina wanda ba tsoro ba. Ba na so ke ma ki zama mai jiran wannan kiran. Kin fi ƙarfin haka a wurina."

Ta jingina da ƙofar ta yi kuka, ba ta ɓoye ba. Ni kuma na riƙe sukudireba kamar wani zai ƙwace.

Da ta tsagaita ta goge fuska da bayan hannu.

"To abu ɗaya. Mutane sun ji ka ce kana yi, sun ji ka ce ba ka yi. Ni ban taɓa ji daga bakinka ba. Ka faɗa mini, ni kaɗai, ba waya."

Na miƙe tsaye, don ban ga ya dace in faɗa a zaune ba.

"Ina son ki. Tun ranar da kika shigo aron tsani kika ce shagona kamar bola. Ke ce hasken idona, ke ce sanyin raina... Ban taɓa son wata ba, kuma ban san yadda ake dainawa ba."

Ta rufe ido tana saurare har na gama.

"Na ji, masoyina," ta ce. "Na ji."

Ta gyara jakarta. Ta tsaya kamar za ta ƙara wani abu, sai ta juya. Na bi ta da ido har ta tsallaka titi, motoci suka shiga tsakani.

Na rufe shago da wuri. A gida na tarar Baba ya farka, yana jirana. Na tayar da shi zaune, na jera masa filo a baya, na ɗauko kwano.

Ya karɓi cokali na farko, ya karɓi na biyu. Yana ci yana duba fuskata, ni kuma ina ba shi labarin wani mai fanka da ya zo yana rantsuwa wai da kanta ta ƙone.

A na uku ya kama wuyan hannuna da hannunsa mai lafiya. Na ɗauka turewa zai yi.

Sai ya juya cokalin a hankali, ya nufo bakina da shi.

"Kai... ci."

Na buɗe baki na karɓa. Ya ƙi wucewa, amma na haɗiye, don yana kallo.